Ɗakin Duhu a Kudancin Indiya

Zafi ne ya fara tarbata da na fito daga filin jirgin sama, wani zafi mai danshi da yake manne wa mutum a fata. Ni da na girma a Birnin Kudu na ɗauka na gama sanin zafi, ashe da saura. Na ja akwatina na tsaya a bakin ƙofa ina duba kwalayen da masu tarbar baƙi suka ɗaga, kowanne da sunan wani. Babu nawa.

Sunana Hajara. Ma'aikaciyar jinya ce ni a sashen ido na wani asibiti a garinmu, kuma abin da ya kai ni kudancin Indiya shi ne koyon auna faɗin gani ga yara masu hawan jinin ido. Wannan ciwo ɓarawo ne. Ruwan cikin ido ne yake ƙin fita, ya taru ya matse jijiyar gani, sai gani ya riƙa mutuwa daga gefe-gefe yana tahowa tsakiya. Yaro zai iya karanta harafin da ke gabansa sarai, alhali ba ya ganin akuyar da ke tsaye a gefensa. In ba a auna gefen ba, ba a san abin da ya tafi ba, ba a kuma san abin da ya rage ba. A wajenmu ba mai yin wannan awon ga yara, shi ya sa na yi ta nema har aka sahale mini wata shida.

Wanda ya shirya mini komai wani ɗan garinmu ne, Nasiru, ƙanin maƙwabciyar mahaifiyata. Ya daɗe a can yana yi wa marasa lafiya tafinta. Tun ina gida na tura masa takarduna da abin da ya ce za a biya na makaranta da masauki, shi kuma ya turo mini hoton wani tsaftataccen gidan kwanan ɗalibai mata mai furanni a ƙofa.

Sai da na yi awa uku a tsaye kafin ya iso, yana ƙamshin turare, waya biyu a hannu.

"Anti Hajara, sannu da hanya! Wallahi cunkoso ne. Ya mutanen gida? Ya Inna?"

Jin Hausar kawai ya sa na yafe masa jiran. Muka shiga wani keke mai ƙafa uku irin namu, muka yi ta kutsawa cikin hayaƙi da ƙarar ham, har muka tsaya a ƙofar shagon wani mai faci. Ta bayan shagon muka hau bene hawa uku, muka ɓulla kan rufi. A can aka gina wani ɗan ɗaki na kwano, da gado ɗaya da fanka mai kuka.

"Ina gidan da ka turo mini hotonsa?" na tambaye shi.

"Ana fenti ne, Anti. Kwana biyu kawai za ki yi a nan."

A wannan ɗakin na yi wata shidana cif. Bayan mako guda Nasiru ya daina ɗaga wayata.

Ranar farko a asibiti na sa fararen kayana da na goge tun daga gida, na kai takardata ofis. Matar da ke wurin ta duba, ta duba ni, ta ɗora yatsa a kan kalma ɗaya. Ta yi mini bayani da Turancinta mai sauri har sau biyu kafin na gane. Ashe Nasiru bai yi mini rajistar koyon aiki ba, ta 'yan kallo ya yi mini. Ba ni da izinin taɓa na'ura, ba ni da izinin taɓa mara lafiya. Kujera za a ba ni in zauna in riƙa kallo. Na ce ko za a iya gyarawa, ta ce gurbin masu koyo ya cika sai wata shekara. Na fito na nemi bayan gida na kulle kaina, na yi kukana ba sauti, na wanke fuska, na koma aka nuna mini kujerar.

Ɗakin awon ba shi da taga. A cikinsa akwai na'ura mai kama da babbar farar ƙwarya da aka jingine a tsaye. Yaro zai ɗora haɓarsa a bakinta, a rufe masa ido ɗaya, a ce ya tsura wa ɗigon tsakiya ido. Sai ƙananan fitilu su riƙa ƙyaftawa nan da can a cikin ƙwaryar, duk wadda ya gani ya danna wani maɓalli da ke hannunsa. A ƙarshe na'urar ta fitar da takarda, inda ido ba ya gani ya fito baƙi. Ga manya abin yana tafiya daidai. Ga yara kuwa sai a hankali. Wani zai yi ta dannawa ba tsayawa kamar mai kiɗa, wani ya riƙa bin fitilun da ido, wani barci ya ɗauke shi, wani ya fashe da kuka tun kafin a kashe wuta. Samarin da ke aikin suna da layi mai tsawo a waje, ba su da lokacin lallashi. Su yi wa yaro tsawa, su yage takardar, su kira na gaba. Ni kuma ina lungu a kan kujerata ina rubuta duk abin da na gani a littafi, ina zana inda kowa ya tsaya.

Wata biyu suka wuce a haka. Indiyar da na sani tun ina yarinya ta fim ce, har ina taƙama da 'yan kalmomin da na tsinta. Da na gwada su a kan mai sayar da madara sai ya dube ni kamar na yi masa Fulatanci, domin mutanen kudu harshensu daban ne. A motar haya kujerar kusa da ni ita ce ta ƙarshen cika. Wata rana wata yarinya ta goga yatsanta a bayan hannuna ta duba ko baƙin zai fita, uwarta ta fizge ta. Abinci kuwa shinkafa ce safe da rana da miya mai tsami da kwakwa. Na zo da kuka da daddawa a ƙulle cikin leda, amma ranar da na fara kaɗa miya matar mai gidan ta hau har sama tana toshe hanci tana faɗa, sai na koma dafawa sau ɗaya a mako, in na ga ta fita. Akwai ranakun da in ban da karatun salla ban buɗe baki na yi magana da kowa ba.

Yarana biyu suna ƙauyen Kangire wajen Inna, mahaifiyata. Sabis ba ya kamawa a cikin gidan, sai ta fita ta tsaya a gindin tsamiyar bakin hanya. Ranar Juma'a muke magana.

"Hajara, kin fara aikin dai ko?"

"Alhamdu lillahi, Inna, ana ta yi."

"To madalla. Jiya an yi ruwa mai yawa, yau duk gari an fita shuka. Ɗanki Abba ya ce ba zai zo waya ba, wai sai kin dawo ya yi miki magana."

Na yi dariya don ta ji, muka yi sallama. Na zauna a bakin gado ina jin ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya jiƙa kamar a hancina take. Ban taɓa yi wa Inna ƙarya ba sai a wannan tafiya, kuma kowace Juma'a sai na maimaita.

A cikin wata na uku na haɗu da Sista Rani. Gajeriyar tsohuwa ce mai furfura, ta fi kowa daɗewa a sashen, saura mata 'yan watanni ta ajiye aiki. Ni da ita muke cin abincin rana a matakalar baya, ita a sama ni a ƙasa, ba mai yi wa wani magana. Rannan sai na ji an turo mini kwano ta gefen kafaɗa, da wata waina fara mai laushi a ciki. Na ci, na yi godiya. Ta miƙo hannu ta karɓi littafina ta yi ta buɗawa, tana duba zanen da na yi.

Turancinta a karye yake, nawa ma ba wani mai ƙarfi ba ne, shi ya sa muka fahimci juna da sauri.

"A garinku akwai wannan na'urar?"

Na ce babu.

"Wutar lantarki fa?"

Na yi dariya, karo na farko da na yi dariyar gaske a ƙasar. Ta girgiza kai irin nasu.

"To me kike kallo a cikinta wata uku? In an tashi aiki ki jira ni."

Da la'asar ta kai ni wani ɗaki a ƙarshen baranda inda ake tara tsofaffin kaya. Ta yaye wani zane, sai ga wata ƙwaryar, tsohuwa, wadda ba kwamfuta a jikinta. Mai awo ne da kansa yake jan wani hannun ƙarfe, ɗigon haske ya taho a hankali daga gefe zuwa tsakiya, yana leƙen idon yaron ta wani ɗan rami, yana yin alama da fensir a takarda. In yaro ya gaji sai a tsaya, in ya waiga sai a sake. Daga aljihun tebur kuma ta fito da wata siririyar baƙar sanda mai farin ƙwallo a kai, kamar ƙwan zabuwa.

"An hana ki taɓa mara lafiya," in ji ta. "Ni ba mara lafiya ba ce. Zauna ki auna ni."

Haka muka riƙa yi kullum. In auna ta, ta auna ni. Ranar da ta fara auna ni hasken ya zo wani wuri ya ɓace mini ɗungurum, na ce ashe ni ma ina da ciwon. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce kowane ido yana da wannan gurbin, nan ne jijiya take fita, kuma da shi ake kama yaro mai cinta: in ya ce ya ga haske a nan, to ba gani yake ba, so yake ya faranta miki rai. Ta koya mini awon sanda na ƙananan da ba su isa zama gaban na'ura ba. Mutum ɗaya ya zauna a gaban yaro ya riƙe hankalinsa da wasa, wani ya tsaya a bayansa ya zagayo da ƙwallon a hankali ta gefen kunne, ta sama, ta ƙasa. Ba a tambayar yaron komai. Idonsa ake kallo, domin da zarar ya hango ƙwallon sai ƙwayar ta zabura ta nufi wajen. Ta sa na maimaita har hannuna ya saba. In na yi sauri ta buge mini hannu da fensir.

Wata na biyar, ina wucewa ta baranda da safe, na ji wata murya a bayana ta ce, "Yi haƙuri, Sa'a, saura kaɗan mu tafi."

Hausa ce na ji. Na juya. Wani siririn dattijo ne da koɗaɗɗiyar shuɗiyar riga, yana tsugune a gaban wata yarinya 'yar kimanin shekara bakwai da ta cusa kai cikin hijabinta.

"Salamu alaikum, Malam. Sannunku."

Ya miƙe zumbur, ya dube ni. "Wa alaikumus salam. Ikon Allah! Malama, Bahaushiya ce ke? Daga ina?"

"Birnin Kudu."

"Allahu akbar. Mu daga Farin Dutse muke, ta Gwaram. Ashe 'yar gida ce."

Sunansa Malam Buba, manomi ne mai 'yan shanu. Nasiru ne ya kawo su su ma, ta hanyar wani ɗan'uwansu da ya taɓa yi wa tafinta. Ya raka su ranar farko, ya ajiye su a bakin ƙofar asibiti ya ce yana zuwa, kwana huɗu ke nan. Malam Buba ba ya jin Turanci ko kalma ɗaya. Takardu kawai yake miƙawa duk inda aka nuna masa da hannu.

Na karɓi takardun na duba. Idon Sa'a na hagu ya riga ya tafi. Na dama ne ake ƙoƙarin ceta, kuma likita yana son awon faɗin gani kafin ya yanke shawarar ko aiki za a yi ko a ci gaba da maganin ɗigawa. Sau uku ana shigar da ita ɗakin duhu, sau uku tana ƙanƙame ubanta tana ihu. An rubuta cewa ba ta ba da haɗin kai, a dawo da ita bayan wata uku. Izinin zamansu kuwa ko wata ɗaya bai rage ba.

Na tsuguna na ce, "Sa'a, me ya sa ba kya son ɗakin?"

Daga cikin hijabin ta ce, "Abin zai haɗiye mini kai."

Na je na sami likitan, abin da ban taɓa yi ba. Ya saurare ni yana rubutu, ya ce tafinta kawai ya yarda in yi, Sista Rani ce za ta auna. Muka tafi ɗakin ƙarshen baranda. Sista Rani ta tura ƙofa ta sa sakata, ta ja kujera ta zauna a lungu, ta nuna mini mazaunin mai awo da haɓa. Na san in aka gane, ita ce za ta amsa tambaya, a watanninta na ƙarshe. Na dube ta, ta harare ni.

Ban kashe wuta ba sai da na sa Malam Buba ya fara sa kansa a ƙwaryar, ya fito da shi lafiya, Sa'a ta shafa ta tabbatar. Na ɗora mata matashi biyu a kujera. Na ce, "Kuna da karsana a gida?"

"Muna da ita. Ja ce."

"To yau wata fara ce ta ɓata a daji, tana neman hanyar gida. Ke kina bakin garke kina kallon wannan ɗigon, kada ki waiga nemanta, in kin waiga za ta tsorata ta gudu. Da kin hango ta ta gefen ido, ki ƙwanƙwasa tebur."

Ta gyara zama. Na jawo hasken daga dama a hankali. Ya wuce inda ya kamata lafiyayyen ido ya gan shi, shiru. Ya ƙara matsowa, shiru. Ina leƙen idonta ta ramin, yana nan a tsaye bai motsa ba, tana iya ƙoƙarinta. Sai da hasken ya kusa tsakiya na ji ƙwas. "Ga ta nan!" Na yi alama. Na zo ta sama, na zo ta ƙasa, muka huta ta sha ruwa, muka ci gaba. Da na haɗa alamomin da fensir, abin da ya fito ɗan da'ira ne ƙarami, da ɗan faɗi ta ƙasa. Yarinyar nan duniya take kallo kamar mai leƙe ta bakin gora.

Na nuna wa Malam Buba, na yi masa bayani. Ya daɗe yana kallon takardar.

"Shi ya sa take tuntuɓe da turmi," ya ce a hankali. "Kwanaki ta yi fatali da ƙwaryar nono, uwarta ta mare ta, ni ma na ce rashin hankali ne. Ashe ba ta gan ta ba."

Likita ya duba takardar, ya ɗaga kai ya dubi Sista Rani, ya dube ni, bai tambayi komai ba. Ya ce aiki za a yi cikin makon. Sannan ya ce in gaya wa uban cewa aikin don a tsare abin da ya rage ne, wanda ya tafi ba ya dawowa. Wata biyar ina marmarin wanda zan yi Hausa da shi, da na samu kuma wannan ce maganar da aka ba ni in faɗa.

"Malama, Nasiru ce mini ya yi in an yi aikin duka biyun za su buɗe."

"Ba haka ba ne, Malam. Ka yi haƙuri."

Ya cire hularsa ya goge fuska da ita, ya mayar. "Allah ya sa haka ne mafi alheri. A yi aikin."

An yi, kuma ya yi kyau. Mako biyun da suka biyo baya su ne masu daɗi a duk zamana. Na kaɗa sauran kukata gaba ɗaya, ban damu da matar mai gida ba, na tuƙa tuwon shinkafa na kawo matakalar baya. Mu huɗu muka ci, Sista Rani tana yamutsa fuska tana ƙarawa. Malam Buba ya ba ni labarin wanda ya rasu da wanda ya yi aure daga Gwaram har Unguwar Ya, ko waɗanda ban sani ba ina jin daɗin sunayensu. Ranar da na raka su motar da za ta kai su filin jirgi Sa'a ta riƙe gefen hijabina ta ce, "Anti, ke ba za ki zo gida ba?" Watan da ya rage mini ya fi duk na baya tsawo. Da ban san abin da na rasa ba sosai, yanzu kuwa kunnena ya sake sabawa.

Takardar da aka ba ni a ƙarshe ta 'yar kallo ce, haka aka rubuta ɓaro-ɓaro. Sista Rani ta naɗe sandar nan mai farin ƙwallo a tsohuwar jarida ta tura mini cikin jaka, ta rubuta lambar wayarta a bangon littafina, ta kama kumatuna da hannu biyu kamar yadda ake yi wa yaro, ta juya ta shige ba ta waiwayo ba.

Da na dawo, shugaban sashenmu ya karanta takardar ya ce, "Au, kallo kika je yi?" Na roƙi ranar Alhamis da ɗaki ɗaya da abokiyar aiki ɗaya mai riƙe sanda, aka ba ni.

Bayan an gama girbi na hau mota zuwa Gwaram, daga nan na hau babur zuwa Farin Dutse. A inuwar ɗorawar ƙofar gidansu na auna Sa'a, ubanta yana zagayo da ƙwallon yadda na nuna masa. Ganinta yana nan inda muka bar shi, bai ragu ba. Muna cikin hamdala sai kakarta ta fito da jariri a kafaɗa, ƙanin Sa'a, ɗan wata biyar, don ya gaida baƙuwa.

"Dubi idanun nan, 'yar nan," in ji tsohuwar tana murmushi. "Manya tubarkalla, kamar na barewa. Haka na Sa'a suke tana jaririya, kowa sai ya tanka."

Na karɓe shi. Yana fitowa haske ya runtse ido ya cusa fuska a ƙirjina, hawaye na zuba ba tare da yana kuka ba. Na kai shi inuwa na buɗa fatar idon a hankali. Baƙin ya fi ƙima girma, kuma ya yi hazo-hazo. Na ga irinsa da yawa daga kan kujerata ta lungu, ciwon Sa'a ne.

"Malam Buba," na ce, "a kira mai babur ɗin nan kada ya tafi. Inna, a ce wa mahaifiyarsa ta ɗauko mayafi. Yau za mu wuce da shi."

Tsohuwar ta fara cewa ai lafiyarsa ƙalau, Malam Buba ya ce, "Inna, bari." Ya shiga gida da sauri.

A Kano aka yi masa aiki, ido biyun, kafin ya cika wata shida. Yana da shekara biyu da rabi aka kawo mini shi wata Alhamis. Na zauna a gabansa ina kaɗa masa makullai, abokiyar aikina ta zagayo da sandar ta bayansa. Ƙwallon bai gama wuce kunnensa ba ya juya ya cafke shi ya kai baki. Ta ɗaya gefen ma haka.

Da suka fita na ɗauko tsohon littafina, na kira lambar da ke bangonsa don in gaya wa Sista Rani. Wata murya ta yi magana da harshen da ban taɓa koya ba, layin ya katse. Na sake gwadawa washegari, da mako na gaba. Har yau ba ta shiga ba.